Wa Zai Ɗauki Lambobin Clem

Tarrabool, 3 ga Maris, 1936

Yaya Enid,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwarki ta hagu da mijinki, bisa jerin muhimmancinsu.

Bayan haka, ina sanar da ke, cikin natsuwar da babban lamari ya cancanta, cewa kwat ɗina mai ruwan toka ya dawo daga wurin tela. Ki isar wa dangin da ke Sydney. Tsoho Pettit ya farke shafin ciki, ya sa ƙyalle mai kauri a ƙirjin dama, ya mayar ya ɗinke. Yanzu ko kaskon suya aka rataya a wurin ba zai lotsa ba. Da na gwada a gaban madubi sai ya ce, "Malam, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu fa." Na ce masa yawancin manyan mutanen da na karanta tarihinsu haka suke.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da surukata ta rasu, lambobin yabo na yaƙi na ɗanta Clem suna kwance cikin gwangwanin shayi a saman kabad. Ita ce take maƙala su a ƙirjinta na dama kowace ranar Anzac, ranar macin tunawa da sojojinmu, ta bi sahun baya tare da sauran iyaye da matan da aka bari, tana jan ƙafar nan tata, ba ta taɓa fashi ba. Bana babu ita. Matata Win kuwa kin san halinta, tun ranar da limamin coci ya hau tudunsu da labarin ƙanenta ba ta sake shiga taron ba, tana jin badujala sai ta rufe taga. Gidansu na Hargreave ba sauran namiji. To wa ya rage, in ba mijin 'yar gidan ba?

Kada ki ce na zaƙe. Hagu na wanda ya je ya dawo ne, dama na wanda aka bari da kewa, ni kuwa ban nemi hagu ba. Na san matsayina tun 1915, ranar da likitan soja ya cire mini tabarau ya ce in karanta layin ƙarshe na allo, na juya ina karanta masa ƙofa. Tun daga nan aikina tsayuwa a bakin titi da 'yan makarantata, hula a hannu, ina hana su ƙwaƙular hanci yayin da jarumai suke wucewa. Amma Clem nawa ne kafin ya zama na ƙasa. Shekarun nan da muka yi muna ƙwallon zari-ruga, shi ne yake zaro ƙwallo daga ƙarƙashin ƙafafun ƙattai ya cilla mini, ko bai waiwaya ba ya san inda hannuna yake. Ban ga laifi ba in na ƙara karɓa daga gare shi sau ɗaya.

Na fara gwada tafiyar a cikin lambu. Kaji sun nuna girmamawa. Win ba ta san zancen tela ba tukuna, so nake ta gani da idonta.

Ƙaninki mai biyayya a wasu lokuta,
Aubrey

Tarrabool, 9 ga Maris

Yaya Enid,

Gaisuwa. Kada ki isar wa dangi komai. In kin riga kin isar, ki je ki karɓo.

Jiya Lahadi na zo karin kumallo sanye da kwat ɗin, na tsaya ta yadda hasken taga zai faɗa gefen dama. Win ta dube ni ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa. Sauko mana da gwangwanin nan mu gwada."

Ta ajiye butar shayi. "Aub, na ba Dinny."

"Me kika ba shi? Ragowar naman jiya?"

"Lambobin. Shi zai ɗauke su bana."

"Dinny Rourke ɗan'uwanku ne? Ta wajen uwa ko ta wajen mashaya?"

"Ci ƙwanka kafin ya huce," in ji ta. Iyakar bayanin da na samu ke nan, ni da nake yi wa yara bayani tun safe har yamma.

Ai kin tuna Dinny, wanda ake kira Zomo, ɗan wasan gefenmu mai gashin goshi, wanda 'yan mata suke zuwa fili dominsa su tarar ashe wasa ake yi. Ki tuna wasan ƙarshe na 1913. Clem ya cilla mini, na riƙe har sai da ƙattan ƙungiyar Coolamine uku suka taru a kaina, sannan na miƙa. Ba kowa a gaban Dinny sai ciyawa. Tunkiya mai ciki ma da ta kai ƙwallon nan bayan layi. Shi aka ɗauka a kafaɗa aka zaga gari, ni aka tattaka wajen ɗaukarsa. Hoton yana rataye a mashayar tasha har yau. In kin matsa kusa za ki ga takalmina a kusurwa.

Yaƙinsa ma haka yake. Tare suka tafi da Clem. Clem ya tsaya a lakar Beljiyam, ko kabari ba shi da shi. Ba a jima ba sai ga jarida daga Sydney da hoton Dinny cikin gajeren wando, an taje gashi, yana rungume da kofin rundunoni yana washe baki. Hafsoshi sun ga ƙafafun nan sun fi ƙarfin rami, suka ɗauke shi suka kai shi baya yana yi musu gudu ranar Asabar. Wasu sun je Turai yaƙi, shi ya je kakar wasa. Yanzu ki hango shi ranar maci, ashirin da biyar ga Afrilu: nasa a hagu, na Clem a dama, a sahun gaba daf da 'yan badujala, yana ƙara kamar aljihun cokula.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da ya dawo, a 1919, lokacin an riga an sa mana rana da Win, daga jirgi bai je gidansu ba. Gidan Hargreave ya nufa. Suka shiga kicin su uku, shi da Win da uwarta, aka rufe ƙofa, aka bar ni a baranda da kare. Can sai tsohuwa ta fito ta wuce ni ta tafi wajen kaji, ta bar su su biyu. Da Win ta fito idonta ja, tana riƙe da hannun rigarsa. Ban tambaya ba, don ni mutum ne mai wayewa. Ba ta faɗa ba. Shekara da shekaru nake zaune da matar nan, amma wani ɓangare nawa yana barandar nan har yanzu, shi da karen da ya daɗe da mutuwa.

Tsoffin Girkawa sun yi rubuce-rubuce da yawa kan wanda ya tsaya gida da wanda ya tafi yaƙi. Na duba duka, ba inda na gida ya ci.

Ƙaninki,
Aubrey

Sydney, 14 ga Maris

Aubrey,

Na samu wasiƙunka biyu, ina gaishe ka, ka gaida Win da kyau. Gwiwa da sauƙi. Harold ya ce a gaya maka ya ji matsayin da ka ba shi.

Kai tun kana ƙarami in Mama ta yanka kek ba ka duban naka, na kusa da kai kake aunawa. Na zaci gemu zai gyara abin, ashe ƙara maka kalmomi kawai ya yi.

In batun son Dinny ne, to ka sa ni a lissafi. Ni ma na so shi, haka matar mai gidan waya, haka kuma Anti Flo da ta kusa saba'in a lokacin. Abin ya zo ya wuce kamar baƙon dauro. Win kai ta aura, da tabarau da komai, ba wanda ya ɗaure ta.

Tambaya biyu zan yi maka. Ta ɗaya: ka tambaye ta dalili, sannan ka yi shiru har ta amsa? Ba shirun da kake yi kana shirya jimla ta gaba nake nufi ba. Ta biyu: kai da kake tsaye a bakin titin nan duk shekara, ka taɓa ganin Dinny a cikin macin? Ni dai zuwan da na yi bara na nemi ganinsa ban gan shi ba, aka ce mini ranar ko ƙofarsa ba ya buɗewa. Mai son ƙarar cokula ba haka yake yi ba.

Na san ka in ranka ya ɓaci alƙalami kake nema. Ka rubuto mini ko shafi goma ne, zan karanta, ko Harold ya kunna murhu da su. Amma kada ka kai wa kowa ya buga.

Yayarka, wadda ta goya ka kuma ba ta manta nauyinka ba,
Enid

Tarrabool, 3 ga Afrilu

Yaya Enid,

Gaisuwa da godiya kan wa'azi. Ya iso a makare, ko kuma in ce ya iso a kan lokaci ni ne na ajiye shi ƙarƙashin littafi.

Rashin zuwansa maci ba abin mamaki ba ne. Mutumin da ya saba a ɗauke shi a kafaɗa, tafiya da ƙafa cikin mutane ƙasƙanci ce a wurinsa. Bana da aka ƙara masa ado ai ga shi ya yarda.

Editan jaridar garinmu ya roƙe ni, a matsayina na sakataren kulob, in rubuta tarihin 'yan wasanmu a yaƙi. Na rubuta. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, na duba sau biyu. Na jera waɗanda ba su dawo ba, na ba Clem sakin layi guda wanda ni kaina ya sa ni goge tabarau. A ƙarshe na sa hoton kofin nan, na rubuta a ƙarƙashinsa: "Cikin 'yan wasanmu wasu sun ba da rai, wasu ƙafa, wasu ido. Mista Rourke ya ba da gudu, kuma an tabbatar mana ya ci sau biyu a wasan da aka yi da rundunar New Zealand, abin da babu shakka ya girgiza abokan gaba."

Enid, garin ya ɗauka. Na shiga shagon aski ranar Alhamis na tarar ana karantawa da ƙarfi. Bluey Marsh, mai ƙafar katako, ya ce, "Furofesa, ashe kana da haƙora. Shekara nawa kana ɓoye su?" Wani ya ce a ba Zomo usur ya ja gaba ranar maci. Aka yi ta dariya. Karo na farko ke nan da na faɗi magana a garin nan aka maimaita ta ba a ɗakin jarrabawa ba. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi, har na bari aka shafa mini man gashi mai ƙanshi.

A gida abin ya ɗan bambanta. Win ta karanta a tsaye, ta ninke jaridar a hankali, ta ce, "Rubutun ya yi kyau, Aub. Kullum rubutunka yana kyau." Ta zuba farfesun rago a tukunya ƙarama, ta rufe da tawul, ta sa hula ta nufi wajen layin dogo, inda ɗakin Dinny yake. Na tsaya a taga ina kallonta har ta sha kwana. Tukunyar nan ta bikinmu ce, Anti Flo ta ba mu.

Tun ranar a ɗakin ɗinki take kwana. Ba faɗa, ba kuka. Ƙwaina na safe kullum a dafe yake tauri kamar dutse, kuma ta san yadda nake so. Ki gaya mini, mace takan yi haka saboda mutumin da ba ta damu da shi ba?

Ƙaninki, wanda aƙalla yanzu ake karantawa,
Aubrey

Layin dogo, ranar Litinin

Aub,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ne ba ya tsayuwa. Ba giya ba ce, yau dai.

Ga gwangwanin nan na ba mai kai wasiƙu. Ka duba suna ciki, na goge su.

Na karanta abin da ka rubuta, Bluey ya kawo mini har ɗaki don kada ya wuce ni. Ba ƙarya a ciki. Sai dai sau uku na ci, alƙalin wasa ne ya hana ɗaya.

Ka ce gudu na bayar. Kafin gudun, ɗauka nake yi. Sun ga mu 'yan ƙwallo ne, suka ce muna da baya da numfashi, suka ba mu gadon ɗaukar masu rauni. Ba bindiga. Mutum huɗu a gado ɗaya, in laka ta kai cinya sai shida. A kan katako ake tafiya, in ka zame ba mai ganinka kuma.

Dokar aikin ɗaya ce: gado na mai rai ne. In mutum ya cika a hanya sai a sauke shi a gefe a koma a ɗauko wani, don akwai masu jira suna kira.

Ni na tsinci Clem. Ya gane ni. Ya ce, "Zomo, yau kai ne kake tafiyar tsohuwa?" Ba shi da nauyi, ka san shi ɗan mitsitsi. Kansa yana daf da kafaɗata, yana ta surutu. Ya ce ko Furofesa har yanzu yana riƙe ƙwallo yana tunani. Sai ya daina. Kofur ya taɓa wuyansa ya ce a sauke. Na ce saura kaɗan mu kai. Ya ce, kana jin wancan da yake kira? Ina ji. Na sauke shi, ni da hannuna. Na gyara masa wuyan riga na ce zan dawo. Muka ɗauko wani ɗan Perth, an ce ya rayu, ban san sunansa ba. Da na dawo ba katakon, ba Clem, rami ne cike da ruwa.

Daga nan hannun ya fara. Na soma sakin gado da mutum a kai. Shi ya sa suka mayar da ni baya, ba don ƙafa ba. Wani hafsa ya tuna ni, ya ce a ba shi ƙwallo ko zai dawo daidai. Ƙwallo kaɗai hannun yake yarda ya riƙe. A hoton an ce a yi dariya ne, na yi.

Abin da na faɗa a kicin ke nan ranar da na dawo. Na gan ka a baranda da kare. Tsohuwa ta ji rabi ta fita, Win ta ji duka. Ni na roƙe ta kada ta gaya wa kowa, har kai.

Lambobina ban taɓa zuwa karɓa ba, suna can wurin gwamnati. Sahun gaba ba nawa ba ne. Win ce ta zo ta ce to ka shiga na baya da tsofaffin mata, kai ka sauke shi, kai za ka ɗauke shi ka ƙarasa da shi. Na ce to. Amma yanzu garin ya tuna hoton, in na fito dariya za a yi, kuma Clem ne zai kasance a ƙirjina ana dariyar. Kai ne ɗan gida. Ka ɗauka, ka tafi a hankali don matan su iya bin ka.

Kada ka sa wannan a jarida.

Dinny

Tarrabool, 20 ga Afrilu

Yaya Enid,

Gaisuwa. Kin ji ni shiru. Gwadawa nake yi, abin da wuya.

Gwangwanin ya dawo gidan nan tare da wasiƙar da ba zan nuna miki ba, kuma ba zan ba ki labarin abin da ke ciki ba. Ki dai sani na samu abin da nake so, an kawo mini har ƙofa, na kuma yi kwanaki ban iya buɗe murfinsa ba.

Na ajiye shi a teburin kicin a gaban Win tana feraye dankali. Ta dubi gwangwanin, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ya gaya maka?"

"Ya gaya mini. Me ya hana ki faɗa?"

"Alkawari na yi. Ko ban yi ba ma, Aub, a ina zan sa maganar? Kai ba ka barin wuri."

Na yi shirun nan naki. Dankali biyu ya ɗauka. Sannan na kasa, na ce, "Kin so shi?"

Ta ce, "Duk garin nan ya kalli Dinny a wancan lokaci. Kai kaɗai ne har yau ba ka ɗauke ido ba."

Na ce da ni ta ba, da na ɗauka da kyau. Ta ce ta sani. "Kai ko ba su za ka tashi gobe ka tafi makaranta. Shi ban tabbata ba." Ta miƙo mini wuƙa ta ce in ba aikin da nake yi in taya ta.

Na so in rubuta wani abu a jarida, mai kyau, wanda zai sa shagon aski ya yi tsit. Har na tsara jimlar farko. Amma mai labarin ya hana, kuma in ba labarin ba ni da komai sai ƙawa. Abin da na iya kaɗai a duniya ke nan, an ce in ajiye.

Ranar Asabar na sa kwat ɗin na ɗauki gwangwanin na tafi layin dogo. Na same shi zaune a kan akwati yana fama da igiyar takalmi. Ya tsufa, Enid. Gashin goshin nan ya tafi ya bar goshin. Gari ɗaya muke, amma ashe hoton nake kallo shekarun nan, ba mutumin ba.

Ya ce, "Furofesa. Gyaran kuskure ka zo? Sau uku ne."

"Biyu. Abin da alƙali ya hana bai ciwu ba." Na ajiye gwangwanin a gwiwarsa. "Ka san abin da ya ɓata lamarin nan? Tsallake ni aka yi. Yaushe ƙwallo ya taɓa tashi daga Clem ya faɗa hannunka ba ta wurina ba? Dole ya faɗi. To ga shi ya biyo hanya. Na karɓa, na miƙa."

Ya daɗe yana kallon murfin. Ya ce, "Ka riƙe da yawa, kamar kullum."

"Ƙattai nake tara maka."

"Ai kuwa ka tara. Duk shagon aski."

Ban sami amsar wannan ba, ki rubuta ranar.

Ya ɗauko kwat ɗinsa daga ƙusa don ya nuna mini ba zai yiwu ba. Tsumma ne, hasken taga yana ratsa shi. Ya gwada maƙala lamba ɗaya, hannun yana rawa, allurar ta ƙi shiga, da ta shiga kuma ƙyallen ya zube da ita ƙasa. Ya ce, "Ka gani." Sai na tuɓe nawa. Hannayen sun yi masa gajarta kaɗan, amma ƙirjin dama ya tsaya cak. Ni na maƙala masa su, ban soke shi ba sai sau ɗaya.

Bai ce zai zo ba. Na dawo gida cikin riga da falmaran, mutane suna kallona ta taga. Win ta buɗe ƙofa ta ce, "Ina kwat ɗinka?" Na ce na ba Dinny. Da safe ƙwan ya zo da ruwa-ruwa.

Ƙaninki,
Aubrey

Tarrabool, 26 ga Afrilu

Yaya Enid,

Gaisuwa a gurguje, mura nake yi.

Ya zo. Badujala ta riga ta tashi sannan ya ɓullo ta kwanar tasha, ya wuce sahun gaba bai ko dube su ba, ya tsaya can ƙarshe tsakanin Misis Doyle da Misis Pratt. Hagu ba komai. Wani ya fara kiran "Zomo" daga ƙofar mashaya, sai na bar yara na sauka na yi tafiya kusa da shi a gefen titi, ba kwat, ina kallon ƙofar irin kallon da nake yi wa aji. Yawancinsu ni na koyar. Ba a ƙara kira ba. Bluey ma ya waiwayo sau ɗaya ya cire hula.

Mutumin da ya fi kowa gudu a gundumar nan shi ne na ƙarshen isa gindin dutsen tunawa. Win tana can tsaye, ban san ta fito ba. Ta riƙe hannun rigarsa, kamar wancan karon. Da ɗaya hannun ta riƙe nawa, kuma na auna, Enid, ba zan yi miki ƙarya ba. Nawa ta fi matsewa, ko dai sanyi ne.

Kwat ɗin bai dawo ba, ba na jin zai dawo.

Na yi kuskure. Game da Win da Dinny nake nufi. Batun wasan 1913 ina nan a kan bakana.

Ƙaninki,
Aubrey